Yaya Haruna, Mai Shiga Cikin Tanki

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Bana shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Haruna, kuma duk shekara idan watan ya zagayo sai in ce zan rubuta, sai tsoro ya hana ni. Karatuna bai wuce firamare ba, ga shi kuma ina gudun in ci naman wani a jarida in je in tarar da alhakinsa gaban Allah. Sau biyu ina tambayar limamin unguwarmu. Ya ce in faɗi abin da na sani kawai, kada in kama suna. To, ba zan kama sunan kowa ba sai na 'yan gidanmu. Amma ba zan ɓoye muku ba, da fushi nake rubutun nan, domin makon jiya aka aiko wa Bashir, ɗan marigayin, wai ya zo ya karɓi aikin ubansa.

Bari in gaya muku aikin. A Alshajara, nan Khartoum, akwai wata warsha, wato gareji, da ake gyaran tankokin manyan motoci masu ɗaukar ruwa. Idan tanki ya lotsa, mutum ɗaya ne ke zura jikinsa ta bakin sama ya shiga ciki da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi, ya tokare wurin da shi, mutum biyu kuma su tsaya a waje suna dukan wurin da guduma har ya miƙe. Yaya Haruna gajere ne, siriri, bakin tanki ba ya matse shi. Wannan ne kawai ya sa aka zaɓe shi tun yana saurayi, kuma ya fi shekara ashirin yana shiga.

Sau ɗaya na taɓa zuwa kai masa saƙo ana tsakiyar duka. Daga bakin ƙofa na tsaya, amma ƙarar har cikin haƙorana nake jin ta. Ni ke nan da ke waje. Da ya fito, ya ganni ya washe baki, ya ce da ƙarfi kamar muna tsallaken kogi da juna: "Sale, lafiya? Ɗaga murya, kunnena na kiɗa." Abokan aikinsa suka yi dariya, ni ma na yi. Ina tuna dariyar nan in ji kunya.

Kada a ce ba mu yi komai ba. Mun yi, kuma abin da muka yi shi ne ya fi cin raina. Iyayenmu a gonakin Jazira suka ƙare ƙarfinsu wajen tsinkar auduga, kuma a wurin Innarmu babu ciwon da auduga ba ta shiga maganinsa. Kullum da safe sai ta ɗan tsoma ta a man riɗi, ta murza, ta cusa masa a kunnuwa biyu. Da ta rasu matarsa Kaltume ta ci gaba. Ni da kaina nake saƙo a kawo mana mai tsabta daga 'yan uwa a can, ina jin na sauke nauyin ɗan uwantaka. Mai warsha kuwa abin ya yi masa daɗi. Yaya ya ba ni labari cewa wani daga cikinsu ya taɓa ɗauko zancen abin rufe kunne irin na masu aikin filin jirgi, sai mai warshar ya ce: "Ku 'yan Jazira, ba ga audugarku ba? Kuma wanda ke ciki dole ya ji alamar usta." Usta shi ne babban gwanin warsha, yakan ƙwanƙwasa tankin daga waje don na ciki ya san inda zai matsa. Da wannan hujja aka hana su. Alhali shekarun ƙarshe Yaya ba ya jin ƙwanƙwasar ko kaɗan, a tafin hannunsa yake jin ta, kuma aikin bai taɓa ɓaci ba. Ashe dama ana iya yi ba da kunne ba. Sai da suka cinye kunnen aka gane, kuma da aka gane ba a canza komai ba.

Kurumtar ba rana ɗaya ta zo ba, shi ya sa ta jawo masa baƙin jini kafin ta jawo masa tausayi. Aka fara cewa Haruna ya yi girman kai, ana gaishe shi ba ya amsawa. Ni ma na faɗa ramin. Wata Juma'a a Omdurman bayan an sauko daga masallaci na hango shi gabana, na yi masa sallama har sau uku, bai waiwayo ba. Wata biyu ban taka gidansa ba. Kaltume ce ta zo har rumfata a Kasuwar Libiya, ta tsaya ko zama ba ta yi ba, ta ce: "Sale, kai ma? Yayanka ba ya ji ne. Ni da nake ɗaki ɗaya da shi sai na taɓa kafaɗarsa. Ya hana ni faɗa, wai idan mai warsha ya sani zai sallame shi." Har yau ina neman gafarar Allah a kan watannin nan biyu, kuma ban san ko na nema yadda ya kamata ba.

Na kai shi wurin wani likita a Soba. Likitan ya gwada shi, ya gaya mana jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, ita kuma auduga, da mai ko babu mai, ba ta tare irin wannan ƙarar. Ya ce lallai Yaya ya bar aikin. A hanyar dawowa Yaya yana kallon bakina ina maimaita masa, sai ya ce: "Abin da zai tafi ai ya tafi. Yanzu me kuma zan tsare?" Ranar ne ya gaya mini akwai wani ƙugi a kansa da ba ya tsayawa ko a cikin salla, kuma ba ya jin kabbarar liman, gwiwar na kusa da shi yake kallo ya san an yi ruku'u.

Da hantsi ya rasu, a filin warsha. Ya tsuguna yana wanke hannu zai ci abinci, wata babbar mota tana ja da baya. Direba ya danna ƙaho, mutane suka yi ta ihu suna kiran sunansa, bai ji ba har motar ta buge shi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Mai warsha ya zo ta'aziyya cikin farar jallabiya da rawani. Ya zauna kusa da ni, ya ce: "Ƙaddara ce. Amma Haruna, Allah ya jiƙansa, ba ya sauraren mutane. Mun yi ta kiransa." Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da ita ba. Sai dai ina so in tambaye shi, da wane kunne zai saurara, kuma a cikin tankin wa ya baro shi? Ban tambaya ba. Shayi na zuba masa, na ce Allah ya ba da lada. Shekara takwas maganar tana maƙale a wuyana.

Yaƙi ya zo ya tarwatsa mu, muka fita, muka dawo. Yanzu da famfo ya lalace a unguwanni da yawa, tankin ruwa ya yi daraja, warshar ta sake buɗewa. Na je na leƙa da idona don kada in faɗi abin da ban gani ba. An shafa wa ƙofa sabon fenti. An kawo janareta saboda rashin wuta, da wani injin yankan ƙarfe mai tsuwa kamar zai tsaga kai. Na dubi kunnen kowa ɗaya bayan ɗaya, babu komai, sai mutum guda da ya cusa takardar kwalin sigari. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Ina tsoron murmushi zai yi ya ce aiki ke nan, domin bai iya ƙorafi ba, kuma wannan halin nasa ma wani lokaci haushi yake ba ni. Amma ban yarda zai miƙa ɗansa ba.

Me ya rage na Haruna? A warsha sunansa ya rage, ana cewa ba a yi mai riƙe ƙarfe kamarsa ba, kuma da wannan yabon suke jan Bashir. A gida kuwa jikinsa ya rage, domin Bashir ubansa ne sak, gajere, siriri, daidai bakin tanki. Na kira shi na yi masa faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Ya ammi, malesh, ka yi haƙuri Baffa, ina da mata da 'ya'ya biyu. Rumfarka ma ba ta dawo ba balle in zauna maka." Gaskiya ya faɗa, an kwashe ta tas. Ya ƙara da cewa: "Kada ka damu, Umma ta riga ta nemo auduga." Kaltume ba ta yarda da audugar ba yanzu, amma ba ta da abin da ya fi ta.

Na zaga kasuwa neman abin rufe kunnen. Wani mai shago ya miƙo mini na sauraren waƙa, ya rantse duk ɗaya ne. Ni ban iya bambance na gaske da na banza ba, kuma ina tsoron in sayo abin da zai zama wata audugar.

Don haka nake roƙonku, masu karatu. Likita ne kai, ko ma'aikacin masana'anta, ko wanda ya taɓa irin aikin nan, ka taimaka ka aiko ta hannun wannan jarida. Wane abu ne yake tsare kunnen mutumin da ke cikin tanki ana duka? Me ake kiransa da Larabci, kuma ina ake samunsa a Khartoum ko Omdurman yanzu? Akwai ofishin da zai iya tilasta wa mai warsha? Idan kuma amsar ita ce babu abin da zai isa, ku gaya mini haka ƙarara, kada ku lallashe ni, in san da abin da zan tare yaron nan. Ya yarda zai jira ni zuwa ƙarshen wata. Bayan nan, ya ce, zai shiga.