Diddigen Yaya Usman

Ni ne Usman, gagaren kokawar garin Abu Hujar. Jiya a bakin kogi ƙanena Habu ya ce mu gwada ta zamani, wadda ba ta ƙarewa sai wani ya bubbuga ƙasa.

Na maka shi, na tsaya murna. Ashe ya naɗe ƙafata da cinyoyinsa, ya saƙale diddigena.

Na ce, "Ko zafi babu, ya zol, mutumina."

Ya ce, "Wannan kamun ba ya gargaɗi da zafi, Yaya. In na murɗa, gwiwarka ta tafi, ga yankan riɗi jibi. Ni ba zan yanka rabonka ba."

Na bubbuga, ya saki.

Jama'a, Habu ne, ni na rubuta muku wannan da sunan Yaya. Yaya yana wanka, wayarsa na hannuna. Me zan gaya masa?