Karen da Baba Ya Turke

Da ƙanena ya sauke kwali a ƙofar gidanmu na Bebeji, na ɗauka kaji ya kawo mana. Sai na ji ana minshari a ciki. Na leƙa. Innalillahi! Wani guntun kare ne, idanu ƙuru-ƙuru, hanci ya shige cikin fuska kamar an danna shi da babban yatsa.

"Wannan kuma fa? Mota ce ta taka masa fuska?"

"Haka halittarsu take, Yaya. Matar da nake tuƙawa a Abuja ce ta koma ƙasarsu ta bar mini shi, mai gidan da nake haya kuma ya ce ko ni ko shi."

"Shi ne ka ga nan ce bola?"

Na yi masifa ranar har muryata ta dishe. Ina fama da jinyar tsoho, a ƙara mini da kare? Tun rasuwar Inna, Baba ya daina cin abinci, dalilin da ya sa na baro ɗakina na dawo gida ke nan. Zan kai masa tuwo zaure, in koma in ɗauko shi yadda na kai. Ya rame har agogonsa na zamewa daga hannu. Ni ce 'yar fari, bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa zama kusa da kwanonsa ba, balle in iya buɗe baki in ce masa ya ci. Ina kallo yana ƙarewa, ba yadda zan yi.

Baba mai turka ne tun kafin ruwan Tiga ya ci garinsu a taso su nan. Zai sayo ramammen rago a kasuwar Kafin Maiyaki, ya turke shi da dusa da harawa da kanwa, kafin Salla ka rantse ba shi ba ne. Ba da ido yake duba dabba ba. Hannu yake ɗorawa a gadon bayanta ya matsa, in ya ji ƙashi, to abin kunya ne a wurinsa. Da ƙafarsa ta gaza aka sayar da ragunan, rumfarsu ta zama kango. Nan muka ajiye karen, nesa da ɗakuna da buta da tabarmar salla.

Ba a jima ba ya gano hanyar bakin zaure. Wata rana da azahar na kai tuwo, na laɓe bayan zana kamar kullum. Sai na ga Baba ya miƙa hannu ya matsa bayan karen.

"Kai! Ba a ba shi abinci ne?"

Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun Inna na raye. Ya gutsuri loma ya jefa, karen ya lamushe. Baba ya sake gutsura, ya kai nasa bakin. Wallahi sai da na toshe baki da mayafi don kada ya ji kukana. Ranar kwanon ya dawo a suɗe.

Haka suka ɗore: loma ga kare, loma ga Baba. In kare bai ci ba, Baba ba ya ci. Tuwo da man shanu, ɗumame, ƙosai, guntun tsire in ƙanena ya zo. Baba ya fara murmurewa, kare kuma ya koma kamar tulu mai ƙafafu. Maƙwabta na cewa, "Sannu Malam, hannunka na nan!" Shi kuma yana murmushi.

Ni ce na fara lura da numfashin karen. Daga rumfa zuwa zaure sai ya tsaya ya huta, harshe a waje, maƙogwaro na gurnani. Barci ma a zaune yake yi. Na naɗe shi a zani na hau babur zuwa wurin likitan dabbobi a Tudun Wada, mai babur na tsaki duk hanya.

Likitan ya shafa haƙarƙarinsa ya girgiza kai. "Hajiya, irin wannan hancinsu gajere ne, hanyar iskarsu ƙarama ce, kitse kuma na ƙara matse ta. In bazara ta same shi a haka, ina jin tsoro." Ya nuna mini a gwangwanin madara iyakar abin da za a ba shi safe da yamma. Ba maiƙo, ba ciye-ciye tsakani, tafiya kaɗan da sanyin safiya, kada a ɗaura masa igiya a wuya. "In kin shafa kin ji haƙarƙari, ya yi daidai."

Na yi dariya, irin wadda ba ta daɗi ba. In je in gaya wa mai turka a ji ƙashi?

Na gaya masa dai, daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yunwa magani ce?" Washegari na tsare karen a rumfa, na kai tuwo. Baba ya dubi wurin da karen ya saba zama, ya rufe kwano.

"Na ƙoshi."

Na rasa inda zan sa kaina. In saki kare ya mutu, in tsare shi Baba ya koma gidan jiya. Na dafa kabewa ba mai, na yanka gunduwa-gunduwa, na ajiye kusa da kwanonsa don ita zai riƙa jefawa. Ya yarda, har na fara murna. Ran da na zo wanke rigarsa na zazzage aljihu, sai ga ƙuli-ƙuli cike da hannu. Na zauna a bakin rijiya na yi ta zagin ƙanena, da matar Abuja, da duk wanda ya fara kiwon dabbar da ba ta iya numfashi. Baba ne kaɗai ban iya zagi ba.

Bazara ta zo da zafin da ke sa kaji buɗe baki. Ina tankaɗe da rana tsaka na ji Baba na ƙwala kira, "Ke! Ke!" Na fito a guje ba ɗankwali. Karen na kwance a gefe, ciki na bugawa, harshe ya yi shuɗi-shuɗi. Na kwarara masa ruwan randa, Baba ya cire hularsa yana yi masa fifita, yana cewa, "Tashi mana. Haba, tashi." Na fita titi ina ɗaga wa babura hannu kamar mahaukaciya. Kafin in dawo da mai babur, karen ya daina motsi.

Baba ya ɗora hannu a bayansa ya matsa a hankali, ya daɗe bai ɗauke ba. "Ban ji ƙashi ba," ya ce. Ban san ko da ni yake ba.

Da yamma na tuƙa tuwo. Na kai, na laɓe. Ya buɗe kwanon, ya gutsuri loma, hannunsa ya tafi gefe kamar yadda ya saba, ya tsaya a iska. Na ga ya fara mayar da ita, ɗaya hannun na laluben murfi. Na san in kwanon nan ya rufu, shi ke nan.

Ban san lokacin da na shiga zauren ba. Na durƙusa a wurin da karen ke zama, na tara hannu. Baba ya kau da kai, kunya ta kama mu duka. Ya sa mini lomar a tafin hannu. Na haɗiye ta da hawaye. Can ya sake gutsura, ya kai bakinsa.

Har yau haka muke ci, ba ya kallona, ba na kallonsa. Duk zannuwana sun matse ni, kuma ba ni da halin cewa na ƙoshi.