Takardar Auren Nura

Nura tela ya rasu. Da safen nan ƙanensa ya kira ni daga Kusada, ko ƙofar shago ban gama buɗewa ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wai jiya yana kan keken ɗinki a shagonsa can Fotugal ya kife. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ga wanda bai san shi ba, wurin maigida ɗaya muka koyi ɗinki a Kankia. Ni na riga shi iya yanka, ni na riga shi buɗe shago. Ku riƙe wannan, don yau ba yabo kaɗai na zo yi ba.

Shekara shida ke nan da tafiyarsa, kuma ba ta sahara ya bi ba. Ya yi wa sana'arsa rajista, ya tara hotunan ɗinkinsa, ya nemi izinin zama a matsayin mai sana'ar kansa. Har tsiya nake masa, tela da fayil a hammata sai ka ce lauya. Kwatsam aka ba shi.

Ranar da ya turo min hoton katin zamansa, wallahi tuwo bai wuce min ba. Na rubuta masa "Masha Allah", cikina kuwa wuta. Hassada ce, ba wani suna da zan sa mata.

Shi bawan Allah bai ma san ina yi ba. Almakashin da nake yanka da shi, shi ya aiko. Da Innata ta kwanta asibiti kullum sai ya kira. Ni kuwa duk alherin da ya yi min sai ya ƙara min ƙuna.

Ganinmu na ƙarshe da ya zo Babbar Sallah ne. Ya zauna a bencin shagona yana min bayani, wai can mai sana'ar kansa duk wata yana zuba wani abu a asusun gwamnati. Ciwo ya kwantar da kai a tallafa maka, ka tsufa a ba ka fansho, ka mutu a duba matarka da 'ya'yanka.

Na ce, "To Bature, mu fanshonmu na wurin Allah."

Ya yi dariya ya ce, "Sada, Allah ai cewa ya yi tashi in taimake ka."

Sai ya rage murya. "Abu ɗaya ya rage min. A wurinsu Hauwa ba matata ba ce, tunda goro da fatiha muka yi, ba takarda. Kana wurin aka ɗaura, kuma kai ka san kan ofis. Don Allah ka je Kusada ka ɗauki liman ku fitar min da takardar aure."

Na ce, "An gama, mutumina."

Wata takwas ke nan. Kankia zuwa Kusada fa, hanyar da ɗan acaɓa ke yi sau nawa a yini! In ya tambaya in ce aiki ya yi yawa. Ƙarya nake. A raina cewa nake, komai ya samu, kuma ni ne zan zama ɗan aikensa?

Ɗazu na je gaisuwa. Na ishe Hauwa da yaranta uku. Ta bayan labule ta ce, "Malam Sada, mun gode. Abban Amira kullum cewa yake takardarmu na hannunka, in dai kana nan ba mu da damuwa."

Na kasa ɗaga kai.

Gobe in sha Allah da liman za mu buga sammako zuwa ofishin rajistar aure. Ban sani ba ko can Fotugal za su karɓi takardar da aka yi bayan mai ita ya mutu. Wanda ya san kan abin ya yi min magana ta inbox, don girman Allah.

Allah ya jiƙan Nura, ya sa can ta fi nan, ya haskaka makwancinsa. Duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ya roƙa kada gumin mutumin nan ya wuce marayunsa saboda ni.

Ni ma ku sa ni a ciki. Allah ya cire min wannan abu daga ƙirji, shi da zan nemi yafiyarsa ya riga ya tafi.