Maɗacin da Aka Yaye Suhaib da Shi

Duk wanda ya bi layinmu a Abakpa da hantsi zai ga wata siririyar mata a bakin zaure tana suyar awara, da tabon ƙuna a bayan hannunta na dama. Zuwaira ke nan, Maman Nafisa. Ni sunana Balaraba, kitso nake yi, kuma ƙofar ɗakina tana kallon tata a gidan hayar da muke ciki. Ko tari ta yi ina ji. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinto shi ba, a kan idona aka yi.

A Unguwar Shanu aka haife ta, nan kusa da mu. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta kuwa ta rasu tun Zuwaira ba ta iya ɗaura zani ba. Ta tashi a hannun wannan, ta kwana a hannun wancan, har ta koyi abin da marayu ke koya, wato cewa "to" ga duk wanda ya girme ta. Wannan "to" ɗin nata yana ba ni haushi, wallahi, na sha gaya mata. Mijinta Sagir ita ta zaɓe shi da kanta, kuma ba mugun mutum ba ne. Direban babbar mota ne, daga Mando yake ɗaukar kaya zuwa kudu. In ya tafi sai ka manta da kamanninsa, in ya dawo kuma barci ne har ranar komawa.

'Ya'yanta uku a lokacin. Nafisa ce babba, ta shiga aji ɗaya. Idris na bin ta, ɗan rigima, kullum ba wando. Sai na goye, Suhaib.

Ranar Zuwaira ba ta da wurin zama. Da ta sallame sallar asuba za ta wanke waken suyan da ta jiƙa, ta ɗora a ka zuwa wurin markaɗe, Suhaib a baya. Ta dawo ta tace, ta hura gawayi, ta tsaya kan tukunya tana zuba ruwan tsami har awarar ta haɗe. Tana cikin wannan za ta wanke Nafisa, ta nemo takalminta ɗaya da kullum sai ya ɓace, ta raba Idris da kajin mai gida. Ga layin famfo, ga wankin tsumman jariri, ga damina in ta zo rufin ɗakin yana yoyo daidai kan katifa. Ban taɓa ganin ta ci abinci a zaune ba. Masu cewa bayan wuya sai daɗi, su zo su nuna mini inda daɗin Zuwaira ya maƙale.

Abu ɗaya ne ke sa ta dariya, Suhaib. Kai, yaron nan! Tubarkalla, ƙato ne, wuyansa har ninki uku, cinyoyi kamar an hura. Mutan gida "Alhaji" muke ce masa. Ba ya shan koko, ba ya shan kunu, in ka kai masa cokali sai ya fesa maka a fuska. Nonon uwarsa kawai ya sani, kuma Allah ya ba ta shi wadatacce. Tana suya da hannu ɗaya, ɗaya hannun na tallafe da shi, yana sha yana wasa da ɗankunnenta.

Yana wajen wata bakwai na lura ƙamshin man suya ya fara tayar mata da zuciya. Na ja ta ɗakina na ce, "Maman Nafisa, kalle ni nan. Ciki ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaya Balaraba, na shiga uku. Kwanika na yi."

Kwanika ita ce mace ta samu ciki tana shayarwa. Mu duka mun taso muna jin cewa nonon mai ciki guba ne, yaron da ya sha shi an ce ya sha ciki, zai yi ta zawo har ya lalace. Na ce mata, "Ki rufe bakinki ki ci gaba da ba shi abinsa. Ba ga Bashir ɗina ba? A ɓoye na shayar da shi da cikin ƙanwarsa, yanzu ƙofar ɗakin nan ma sai ya sunkuya yake shiga. In kina shakka mu je asibiti ki tambaya." Ta ce to.

Da an bar ta haka, da yau wani labarin nake bayarwa. Sai ga Inna Dije, uwar mijinta, ta zo daga Katabu da ƙunshin kuka da daddawa. Ranar Suhaib na ɗan zawo, irin na yaron da ke rarrafe yana kai komai baki. Tsohuwa ta dubi tsumman da ke kan igiya, ta dubi fuskar Zuwaira, ta dubi yadda take tofar da yawu. Ba ta ko zauna ba.

"Ke 'yar nan, tun yaushe?"

Tsohuwa ba ta jira amsa ba.

"Innalillahi! Kashe mini jika za ki yi? Yau ɗin nan za a cire shi."

Na ajiye kan da nake kitsewa na fito. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, yaron nan ko ruwan koko ba ya haɗiya. In aka cire shi me zai ci?"

Ta ce, "Yunwa za ta koya masa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ni na binne ɗa saboda shan ciki, ba labari aka ba ni ba."

Kada a ce na ɗora wa tsohuwar nan mugunta. Idonta ya ciko da ta ambaci ɗan da ta binne, kuma tsakani da Allah jikan take so ta tsirar. Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Da mugunta ce da na san yadda zan yi faɗa da ita. Aka kira Sagir a waya yana can wajen Lakwaja, ya ce, "Duk yadda Inna ta ce." Zuwaira ta ce to.

Inna Dije ta aika aka sayo sassaƙen maɗaci wurin mai maganin gargajiya, ta daka, ta kwaɓa da ruwa. Ta ce kafin ta tafi da shi Katabu sai an sa ya tsani nonon, in ba haka ba kewa za ta hana shi sakewa a can. Zuwaira da hannunta ta shafa a nononta. Aka miƙa mata yaron, ya zo yana dariya yana wutsil-wutsil da ƙafa. Ya kama, ya ja sau ɗaya, ya saki. Ya yamutsa fuska. Bai yi kuka ba tukuna, sai ya lalubi ɗayan, don a saninsa uwarsa ba ta taɓa yaudararsa ba. Shi ma ɗaci. Sannan ya ɗaga kai ya dube ta, ya tsala ihu. Ni dai na koma ɗaki na rufe ƙofa.

Haka aka yi ta yi duk lokacin da ya nema, har ya zamana da ta ɗaga riga sai ya kau da kai. Da Inna ta ga haka ta ce aiki ya yi. Ta goya shi, suka hau mota a tashar Kawo.

Ƙirjin Zuwaira ya kumbura ya yi tauri, har zazzaɓi ta yi. Ta ɗaure da ɗankwali tamau ta koma kan tukunyarta. A hankali nonon ya ƙafe. In ta kira Katabu sai a ce, "Lafiyarsa ƙalau, yana shan kokonsa." Idris kuwa kullum sai ya leƙa bayanta ya ce, "Mama, ina Alhaji?"

Cikin da aka yi duk wannan dominsa ma bai zauna ba. Wata ranar Talata ta ɗago jarkar ruwa daga famfo, tana shigowa zaure sai ta durƙusa. Ni da matar mai gida muka sa ta a keke zuwa asibiti. Ɓari ne. Ta zubar da jini da yawa, ta daɗe a kwance, Nafisa da Idris suna ci a ɗakina. Tana fara miƙewa ta ce a dawo mata da ɗanta. Inna ta aiko cewa yaron da aka yaye ba a mayar da shi nono, a bar shi ya ƙara ƙwari.

Sagir ne da ya dawo daga tafiya ya je Katabu, ya gani da idonsa. Bai nemi izinin uwarsa ba, ya naɗo yaron a tawul ya taho. Da ya buɗe tawul ɗin a tsakar gida, wallahi ban gane Alhaji ba. Ninkin wuyan nan duk ya tafi. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatar cinyarsa ta saki, ƙafafun kuma sun kumbura suna sheƙi. Ko kuka ba ya iyawa, sai wani ɗan nishi. Ashe koko tsurarsa ake ɗura masa, rabi ya shiga rabi ya dawo, zawo kuma bai tsaya ba. A can an ce ragowar cikin da ya sha ne ke fita.

Na raka su asibiti. Malamar jinyar da ta karɓe mu, wata dattijuwa mai tabarau, ta danna ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ce tamowa ce, ta yi tsanani. Ta tambayi abin da ya sa aka yaye shi da wuri haka, Zuwaira ta faɗa mata. Malamar ta cire tabarau ta goge ido. Ba ta yi faɗa ba, da alama ta gaji da yin faɗan. Ta ce, "Baiwar Allah, nonon nan ba abin da ya same shi. Shi ne ma maganinsa. Za mu ba shi madara ta hanci, amma ki riƙa sa shi a ƙirji. In ya tsotsa, da yardar Allah ruwan zai dawo."

Ka ga yadda Zuwaira ta kama maganar nan! Ta wanke ƙirjinta da sabulu har fatar ta yi ja, ko da yake maɗacin ya daɗe da fita. Na dama mata kunun kanwa, na dama na gyaɗa, ta sha har tana nishi. Tana zaune a gefen gado tana matsawa, tana gasawa da ruwan ɗumi, ko ɗigo babu. Sai ta ɗauko shi a hankali saboda robar da ke hancinsa, ta ɗaga riga.

"Alhaji na, ga abinka. Sha mana. Wallahi babu komai, na wanke."

Yaron da ba ya iya ɗaga hannu, sai ga shi ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya datse baki, ya juya fuska wajen bango. Ta juya shi ɗaya ɓangaren, ya sake kau da kai. Ta shafa madarar asibiti a kai, ta shafa ruwan sukari, ta yi masa waƙar da take masa a bakin kasko. Bai manta ba. Ya manta dariya, ya manta rarrafe, amma bai manta ɗacin nan ba. A nan na ga Zuwaira ta yi kuka karon farko tun da na san ta, ta ce, "Yaya Balaraba, ni na koya masa. Ya kuwa koya."

Ba ta daina ba. Kullum tana sha, tana matsawa, tana miƙa masa, yana ƙi. Ranar Juma'a da hantsi, ina tsaye da kwanon kunu a hannu, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku tsakar gidanmu ya cika da mata. Inna Dije na zaune a kan tabarma, ta rame, carbi a hannu, hawaye na bin kumatunta. Na ji tana gaya wa wata, "Ya riga ya sha da yawa kafin in gane. Da na zo da wuri da an tsirar da shi." Matan suka gyaɗa kai suna cewa haka ne, shan ciki ba ya da magani. Har da wata amarya mai goyo a cikinsu, ta ƙara rungume ɗanta tana saurara. Na buɗe baki zan yi magana, matar mai gida ta danne mini gwiwa ta ce gidan makoki ne. Na haɗiye.

Zuwaira na can gefe, ta jingina da bangon ɗakinta, duk wanda ya ce "Ya haƙuri?" sai ta ce "Da godiya." Idris ya ratso cikin mata da ƙosan sadaka a hannu, ya hau cinyarta kamar yadda ya saba. Ya kwantar da kai a ƙirjinta, sai ya ɗago da sauri yana shafa kumatunsa.

"Mama, rigarki ta jiƙe."

Ta duba. Nonon ne ya dawo, duka biyun, yana ɗiga har kan zaninta. Sannan ta kwance ɗankwalinta, ta shiga ɗaki ta ɗaure ƙirjin tamau, ta fito ta ci gaba da amsa gaisuwa.