Ragon Suna da Bindigar Iska

Mun tashi da asuba daga Bronx, ko shayina ban gama kurɓa ba, ranar da jikata ta cika kwana bakwai. Taron suna an ɗaga shi zuwa Lahadi, don a ƙasar nan kowa bawan aiki ne, amma yanka ba ya jira. Kuma a New York ba a ɗaure rago a ƙofar gida. Sai an je gona, can jihar Pennsylvania, tafiyar awa biyu da wani abu. Mu uku ne a motar: ni, da mijin 'yata yana tuƙi, da amininsa, wani mutumin Maraɗi mai sayar da yadi a Harlem, shi ne zai yi yankan.

Ni na nace sai na je. Na ce wa kowa zaɓen rago zan yi, don maza ba su san rago ba sai an soya shi. Gaskiya ne, amma ba shi kenan ba. Ina cikin ɗaura ɗankwali 'yata ta kira ni ɗaki, tana zaune da jaririya a cinya, ta rage murya. Ta ce mai gonar yana da wata babbar bindiga ta iska da zai sayar, mijinta ya yi wata biyu yana kallon hotonta a waya. A can ba laifi ba ne, ko lasin ba a nema. Amma a cikin birnin nan ajiye ta ma laifi ne. Shi kuma bas yake tuƙawa, ga intabiyunsa na zama ɗan ƙasa saura 'yan makonni. Kamu ɗaya ya isa ya tafi da aikin da takardun gaba ɗaya. Ta yi magana har ta gaji, cewa yake ai iska ce, ba albarushi ba.

"Inna, don Allah kar ki bari ta shigo gidan nan."

Na ce to. Amma fa baki ne ya faɗa. Kun san tsakanin mace da surukinta. Shekara shida da aurensu ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In ina da magana da shi, ta bakin wani take bi. Gida ɗaya muke, ɗaki biyu da falo, banɗaki ɗaya, duk da haka mun riƙe wannan. To yaya zan hana mutumin da ko ido ba ma haɗawa?

Muka hau babbar gadar nan mai hawa biyu da ake tsallakawa zuwa New Jersey, gari bai gama wayewa ba. Fita kyauta ce, a dawowa ake biya, kuma ba mai miƙo hannu, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota. Da muka bar gidaje sai daji, itatuwa sun yi ja sun yi rawaya. Shekarata ta farko a nan na zaci ciwo ne ya kama su. Hanya shimfiɗe, ba rami, ba shinge, ba mai tsayar da kai ya ce me ka kawo mana.

Abin da ya tsaya mini a rai barewa ce. Sau uku muna wuce barewa a mace a gefen titi, mota ta buge, ba wanda ya ko waiwaya. Ubana maharbi ne, yakan kwana uku a daji a kan guda ɗaya. Na lura duk wadda muka wuce sai surukina ya sassauta gudu. Ya ce wa abokinsa shi ma kakansa maharbi ne, a hannunsa ya tashi, rabonsa da shiga daji tun kafin ya bar gida. Ni dai ina baya ina jan carbi.

Mun tsaya a wani wurin shan mai. Akwai ƙosai a jakata, na wata 'yar Ghana da ke yi kusa da Fordham Road, tun daga gida ƙamshinsa yake damuna, ba damar ci. Mutumin Maraɗi yana da hankali. Ya dube ni ta madubi ya ce wa abokinsa, da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, taho mu sayo kofi, mu daɗe." Suka daɗe ɗin kuwa. Na ci biyar, na goge baki, na koma carbina kamar mai azumi.

Wajen ƙarfe tara muka isa. Mai gonar wani tsohon Bature ne, dogo, hannunsa kaushi kamar na manomin gida. Ya saba da mutanenmu, har bisimilla ya iya. Ya nuna mana wasu raguna manya, mazan suka fara gyaɗa kai. Na zagaya bayansu na duba, duk an yanke musu wutsiya, haka suke yi wa tumakinsu a nan. Na ce jikata ba za a yanka mata guntun rago ba. Sai da muka je wani garke a can baya na sami fari mai baƙin wuya, wutsiyarsa cikakkiya. Na buɗe bakinsa na ga haƙori, na taɓa gadon baya, na ce wannan. Tsadarsa kar ku tambaya. Uban ya faɗi sunan yarinya, mutumin Maraɗi ya yanka, muka shafa fatiha mu uku a cikin sanyi. Na yi ƙwalla, don a gida da unguwa guda ce a tsaye.

Ana cikin fiɗa tsohon ya shiga rumbunsa ya fito da bindigar.

Ni da na ji an ce bindigar iska, na zaci irin 'yar ƙaramar nan ce ta harbin kurciya. Wannan ta kai tsawon taɓarya, baƙa, da madubin hange a sama. Harsashinta dalma ce, kaurin kan babban yatsana. Ba a ɗura mata albarushi. Wata tukunya ya jawo, irin ta iskar da ake sa wa marar lafiya a asibiti, ya haɗa tiyo ya cika ta. Ya ce da ita yake kashe karnukan dajin da ke ɗauke masa 'yan tumaki. Zai sayar ne don ya sayi wadda ta fi ta ƙarfi, wai kullum sabuwa ake fitarwa. Kuɗinta ya kai na rago uku, ban da tukunyar.

Ya jingina wani katako mai kauri, irin na dokin ƙofa, can nesa inda da ƙyar nake hango shi. Ya harba. Ƙarar kamar an buga ƙofar mota da ƙarfi, ba hayaƙi, ba wari. Muka taka muka je. Ta huda katakon ta fita, ta bayan ya tarwatse, ramin ya ci yatsuna biyu. Na sa yatsun na ji. Surukina ya karɓa ya harba sau uku, bai kuskure ko ɗaya ba. Bayan nan sai an sake cika ta, iskar ta yi ƙasa. Wallahi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, dariya yake har da buga ƙafa. Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba.

Aka zuba nama a kula biyu aka sa a but ɗin mota. Sai ga surukina ya fito daga rumbu da dogon akwatin bindigar a hannu.

Na sami wani kututture na zauna. Na ce wa mutumin Maraɗi, "Gaya wa abokinka akwatin nan ba zai shiga mota ɗaya da ni ba."

Ya juya ya faɗa, alhali surukin nawa yana tsaye taku uku daga inda nake. Surukina ya sunkuyar da kai ya ce, "Ce wa Inna ta kwantar da hankalinta. Iska ce kawai. A saman wadirof za ta zauna, sai ranar hutu in fito da ita daji."

"Ce masa doka ta hana."

"Ce mata wa zai sani?"

Mutumin Maraɗi ya ɗaga hannu biyu. "Hajiya, ni fa yanka aka kawo ni, ba alƙalanci ba."

Na ga but a buɗe, na ga ya ɗaga akwatin zai sa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Kai. Da kai nake. Dube ni."

Ya dube ni, don bai san abin da zai yi ba. Ashe yana da furfura a gefen kai, sai ranar na gani.

Na ce masa a garinmu ina yarinya bindigogin toka ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma Sarkin Baka, shugaban maharba, ya san kowacce da mai ita. Ba ka saɓa bindiga sai ya yarda da hankalinka. In ka nuna wa mutum ita a cikin faɗa, ranar za a raba ka da ita. In aka ji harbi daga daji, mata na daka za su ce ta wane ce. Yau garin nan ba wanda ya san yawan bindigar da ke kewaye da shi. Ƙanena a gonarsa aka harbe shi, da fartanya a hannu, har yau ba a san wanda ya yi ba. Gidana yana can a kulle. Na ce, "Kana zaton son sanyi ne ya zaunar da ni ƙasar nan? Na sa yatsa a ramin katakon can. Ina ruwan gawa da iska ce ko albarushi? Kuma in 'yan sanda suka buɗe but ɗin nan, iskar za ka nuna musu? In ka sa ta a mota, ka tafi da namanka, ka gaya wa matarka ka baro uwarta a gona."

Sai ya ce mini, kai tsaye, "Inna, shekara goma sha ɗaya ina kai mutane tasha ina dawo da su. Ban taɓa sayen wani abu don kaina ba."

Na ce, "Na sani. Sayi wani abin."

Tsohon Bature ya ga an tsaya cirko-cirko, ya tambayi me ya faru. Mutumin Maraɗi ya fassara masa. Da ya ji cikin birni za a kai ta sai ya ɓata fuska. Ya ce shi bai tambaya ba ne don ba dokar da ta ce ya tambaya. Amma irin wannan ne zai ja musu, ranar da aka kama ta a hannun mutanen birni, ko ta kashe wani, gwamnati za ta farka ta sa doka, har shi mai tumaki ta shafa. Ya miƙa hannu. Surukina ya daɗe riƙe da akwatin kafin ya saki. Tsohon ya ce duk ranar da ya sami hutu ya zo ya harba a nan, karnukan daji ba sa ƙarewa. Surukina ya rufe but ya shiga mota.

Muka kamo hanyar gida. Mutumin Maraɗi ya kunna karatu, shi ya raka mu har gada. Mun tarar da cunkoso a bakinta kusan awa guda, muka shigo Bronx bayan la'asar. Lif ya lalace, mazan suka hau da kula biyu hawa biyar a kafaɗa. 'Yata tana bakin ƙofa tana kallon hannuwansu. Da muka keɓe na gaya mata yadda aka yi, ta dafe ƙirji ta ce, "Inna, a gaban abokinsa?" Na ce a gabansa.

To ga abin da na gani a tafiyar nan, ku da kuke tambayata labarin Amurka. Bindigar nan ba wasa ba ce, kuma ba banza ba ce. Ga mai gona da tumaki da daji a bayan gida, ta biya kuɗinta. Ga mai zama a hawa na biyar, maƙwabci a sama maƙwabci a ƙasa, bangon da ko tari ana ji, ba ta da aikin yi sai jawo masifa. Tsohon yana tsoron doka ta zo. Ni da za a tambaye ni, cewa zan yi ta makara. Abin da zai huda dokin ƙofa daga nesa, a san mai shi, a san hankalinsa, a san inda yake kai shi. Ban ce a ƙwace wa manomi ba. Na ce a tambaya, don mu a can mun ga abin da ke faruwa in aka daina tambaya.

Abin da na yi wa surukina kuwa, ba daidai ba ne a tarbiyyar da aka yi mini. Da uwata tana da rai da ta ce na zubar da girmana, kuma da ban musa ba. An yi suna lafiya, jama'a sun cika falo har matattakala. Yau kwana goma sha biyu, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a gajarce. Ban ba shi haƙuri ba, ba kuma zan ba shi ba. Jibi ne intabiyun nasa. Ɗazu na ga 'yata tana goge masa farar riga, yana zaune da 'yarsa a kafaɗa yana haddace tambayoyin da za a yi masa.