Rubutun da Maigidana Ya Bari a Ƙarƙashin Bonet

Shekarun baya, a farkon wata damina da ruwa ya yi ta yi mana wasa, abin nan ya faru. Ya zubo yau, ya ɗauke mako biyu, sai hankalin kowa ya tashi. Da ya dawo da gaske, duk Kafanchan da ƙauyukan kewaye aka tashi shukar citta lokaci ɗaya. Shekarar ta yi mini nauyi, don ita ce ta biyar da rasuwar maigidana, kuma yara uku duk suna makaranta.

Abin da ya bar mana mai kawo abinci shi ne wata tsohuwar mota mai dogon baya. Ƙaninsa ne yake tuƙa ta. Yana ɗaukar irin citta da taki zuwa Manchok da Samaru Kataf, abin da aka samu mu raba gida biyu. Mutumin kirki ne, sai dai bai yarda a taɓa mota ba muddin tana tashi. Mitarta kuwa ta mutu tun maigidana yana da rai, ba wanda ya san iya tafiyar da ta yi.

A lokacin ban daɗe da gama ajin manya da ake yi a majami'armu ba. Ku da kuka yi karatu tun kuna yara ba za ku gane ba. Wadda ta koyi karatu da furfura a kanta, komai ta gani sai ta karanta. Buhun taki, kwalin ashana, bayan rigar mutane a kasuwa. Har yarana suka daina yarda su bi ni hanya, wai ina tsayawa gaban kowane allo kamar na haɗu da 'yar uwata.

Wata safiya ƙanin maigidana zai zuba ruwa a lagireto. Ƙarfen da ke riƙe bonet ya karye tun tuni, sai ya ce, "Matarmu, zo ki riƙe mini." Haka dangin miji suke kirana. Na riƙe, na ɗaga kai, sai na ga rubutu da farin fenti a cikin bonet ɗin, hayaƙi ya dusashe shi. Hannun maigidana ne. Malamin firamare ne shi, baƙaƙensa manya-manya, a tsaye kamar na allo. Na shiga haɗa su ɗaya bayan ɗaya, leɓena yana motsi.

"An sa taimin bel watan da auta ta fara tafiya. A canza kafin ta shiga aji ɗaya."

Na maimaita sau biyu. Auta tana nan tsakar gida tana neman takalminta na makaranta. Aji huɗu take.

Na ce, "Baban yara, ka taɓa karanta wannan?"

Ya leƙa. "Wannan? Ai aya ce. Yaya ya rubuta don tsari."

"Wace aya ce take maganar bel?"

Ya karanta da kansa, ya yi dariya har da dukan cinya. Shekara biyar yana buɗe bonet ɗin nan kowace safiya, ya ɗauka daga Zabura aka ciro. Da ya gama dariya sai ya nuna mini wata baƙar roba tana zagaye a gaban injin. "Ga bel nan, matarmu. Da hannuna na saya bara kafin Kirsimeti. Kwantar da hankalinki."

Na kuwa kwantar. Na ga bel, na ga sabo ne, har na ji kunyar kaina. Amma ina wanke-wanke abin yana dawo mini. Maigidana ba ya ɓata fenti a banza. Mutumin da ko alli ya rage sai ya naɗe shi a takarda.

Bayan kwana biyu na tsaya a garejin makaniken da yake duba motar tun zamanin maigidana, wani dattijo ne mai ɗingishi. Na gaya masa abin da na karanta. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

Ya ce, "Mama, wanda aka nuna miki fanbel ne. Shi ana ganinsa, in ya gaji yana kuka, in ya tsinke a sa wani a wuce. Taimin bel yana ɓoye cikin murfi. Shi yake haɗa saman injin da ƙasansa su yi tafiya tare. Ba ya kuka, ba ya ba da alama. Ranar da zai tsinke, injin ne zai daki kansa, bawul su lanƙwashe. Irin motarku, daga nan sai neman wani injin."

Na ce, "To yaya ake sanin lokacinsa?"

"Da mita. In ba mita, da shekaru. Ni na sa wancan, kuma ni na ce wa malam kada ya wuce shekara biyar. Ya ce takarda tana ɓata, amma 'yarsa kullum yana ganinta." Ya dube ni. "Yarinyar tana aji nawa yanzu?"

Da na faɗa masa, sai ya cire hularsa ya share fuska.

Na dawo gida na sami ƙanin maigidana yana cin abincin rana. Na zauna na gaya masa a hankali. Ya saurara, sa'an nan ya ce makanikai haka suke, in suka ga mace sai su tsorata ta. Ya ce mutum shida suna jiran a kai musu iri a makon nan, in ya ajiye mota kwana biyu za su ba wani. Ya ce a bari sai an gama shuka. Na ce bayan shuka akwai ɗaukar taki, bayan taki akwai girbi. Ya ce, "Ubangijin da ya tsare ta shekara uku bayan wa'adin ba zai gaji yanzu ba."

Na ce, "Ubangijin ne ya sa ka ce in riƙe maka bonet."

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ko yarana sun sani. Makullin motar yana rataye a ƙusar da maigidana ya kafa a bayan ƙofa. Na ɗauka, na ɗaure shi a bakin zanina, na tafi taron zumuntar mata. Ina ta rera waƙa, makulli yana bugun cinyata. Ban taɓa yi wa dangin miji haka ba. Na san za a iya cewa na raina mutumin da yake taimakona riƙon marayu.

Da na dawo yana zaune a kan bonet ɗin motar, fuska a ɗaure.

"Matarmu, yau kin zama ɗan sanda?"

"A'a. Ba ni da ƙarfin sayen injin ne kawai. In ta mutu a hanyar Manchok, gida biyu za ta kwantar, nawa da naka. Ba na roƙonka ko kwabo, aladena zan kai kasuwa. Kwana biyu kawai nake roƙo."

Ya ce, "Aladen da kike kiwo don Kirsimeti?" Na ce shi. Sai ya miƙo hannu. "Kawo makullin. Amma ki shiga mu tafi tare, in makaniken nan ya buɗe ya tarar da bel lafiya, a gabanki zan yi masa dariya."

Ba a yi dariyar ba. Da aka cire murfin, dattijon ya zare bel ɗin ya lanƙwasa shi a gabanmu. Bayansa duk ya tsattsage kamar diddigen manomi, haƙoransa biyu sun kusa rabuwa da jikinsa, zare ne kawai ya riƙe su. Ƙanin maigidana ya karɓa, ya juya shi, ya sake juyawa. Bai ce mini na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce wa makanike, "A sa mai kyau, ban da na jabu." Mutum biyu cikin masu jiran iri suka ba wata mota kayansu, sauran suka jira mu.

Motar ta ƙara shekaru tana ciyar da mu kafin mu rabu da ita. Har yau in na tuna, ba bel ɗin ne yake fara zuwa mini ba. Abin da nake tunawa shi ne maigidana ya bar mini saƙo, ya zauna shekaru a ƙofar ɗakina, ban iya karɓa ba sai da na zauna a benci tare da sauran tsofaffi ana koya mana a, ba, ca. Na kuma gane cewa ba sai na yi tsawa ba kafin in tsaya a kan magana. Muryata ƙarama ce, amma ta isa.

Washegarin ranar da aka dawo da motar, na je kasuwa na sayi ɗan gwangwanin farin fenti. Na tauna bakin tsinke ya yi laushi. Na kira ƙanin maigidana na ce yau shi zai riƙe mini bonet. A ƙarƙashin rubutun malam na rubuta nawa, baƙaƙena a karkace, wani yana hawa kan wani: "An sa sabo auta tana aji huɗu. A canza kafin ta gama aji uku na sakandare."

Ya karanta, ya ce, "Matarmu, hannuna ya gaji."

Na ce ya ƙara haƙuri, fentin bai bushe ba.