Mai Tuta a Tashar Mota

A Birnin Gwari in ka ce tasha, ta mota ake nufi. Ba mu da layin dogo, ba mu taɓa yi ba. Ni aure ne ya kai ni inda jirgin ƙasa yake, wata 'yar tasha tsakanin Zariya da Funtuwa: ɗaki biyu, rijiya, da bishiyar maina guda. Malam, maigidana, shi ke ɗaga tuta. Kore, jirgi ya wuce; ja, ya tsaya. Ni kuwa ina suyar ƙosai a gindin mainar. Akwai allon da aka rubuta lokutan jirgi, ban taɓa sanin abin da ke jikinsa ba. Tafin ƙafata nake ɗorawa a kan ƙarfen, in na ji yana tsuma sai in zuba mai a kasko.

Jirgin Gusau ya fara makara, daga nan sai mako-mako, daga nan shiru. Ba wanda ya zo ya ce mana an daina. Malam ya yi shekara biyu yana fita da tutocinsa kowace safiya, yana cire ciyawa a kan layi. Ni na tayar da shi. Na ce, "Malam, awaki kaɗai ke bin layin nan, su kuwa ba su san kore da ja ba. Mu koma gida, ga gonar babana a Kakangi."

Muka koma. Gonar ta ciyar da mu shekaru, har daji ya cika da 'yan bindiga, muka baro ta muka tare cikin Birnin Gwari.

Sai ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ƙi fita. Likita ya ce sai Kaduna. A lokacin mota ba ta bin hanyar Kaduna sai da rakiyar soja, rakiya kuwa ba ta da rana. Na sa aka kai shi tasha a babur, na shimfiɗa masa tabarma a bayan rumfar mai shayi.

Na ce wa ɗan kamasho, "Kai, ƙarfe nawa za a tashi?"

"Iya, nan ba a tambayar ƙarfe. In sojoji sun zo kya gan su."

"Yau ko gobe?"

"Da na sani ai da ni ne gwamna."

Kwana uku muna zuwa da sassafe, mu koma da la'asar. A rana ta uku jirgin yaƙi ya ratso ta saman gari zai shiga daji. Wani ya kwarara ihu, "Jirgi! Ga jirgi nan!"

Malam na cikin zazzaɓi. Ya yunƙura ya tashi zaune, yana laluben tabarma. "Ina jar? Ba ni jar in tsayar da shi, mu shiga."

Ɗan kamasho ya bushe da dariya. "Baba, wannan in ya tsaya maka ai sai a tsince ka a kwando." 'Yan acaɓa suka taya shi.

Na zuba wa ɗan kamashon ido har ya sunkuyar da kai. Na ce, "Wannan da kake wa dariya, da hannu ɗaya yake tsayar da abin da ya fi tasharku tsawo. Kai mota guda ta gagare ka tayarwa."

Amma dariyar ta riga ta shiga kunnen Malam, ita ta dawo masa da hankalinsa. Ya dubi tabarmar, ya dubi mutane. Ya ce, "Mai da ni gida. Ba na sake kwanciya a gaban yara."

Washegari na yi lallashi, na yi faɗa, ya juya fuska bango. Da hantsi rakiya ta zo, motoci suka tafi. Ran Juma'a ya cika.

Ɗan kamashon ya zo gaisuwa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Iya, da kun fito ran nan ai da an tafi da ku." Na sa aka kai masa ruwa, kamar kowa.